Irin Geron Baba

Tambuwal

Yaya Ni'imatu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya Inno, ya ƙarin haƙurinmu? Kin ce gara ta cinye katakon da ake ɗora irin geron marigayi Baba. Ga allo nan na ba Bube mai kabu-kabu ya kawo. A wurin aikinmu muka yi shi, zaren rama ne da narkakkiyar roba aka danne. Gara ba ta cin shi, kuma ya sha ranar bazara bisa kwanon rufin ɗaki bai lanƙwashe ba. Daga yau ki daina cewa aikina narka tsofaffin bokitai ne.

Ƙanenki,
Mannir

Kebbe

Mannir,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Allo ya iso, mun rataye shi inda na da yake, bisa murhu, don hayaƙi ya kori ƙwari. Ranar sunan ɗiyar maƙwabta aka yi girki a madafarmu, wuta tun safe. Da la'asar allon ya yi laushi ya sauko, zangarniyar duka ta zube cikin wuta. Na ciro abin da na ciro, roba ta manne mata.

Inno ta zo ta duba, ta ce, "Wanga shi na duka?" Na ce e. Ta koma ta ci gaba da tsintar shinkafa. Ni ko kuka ban yi ba, ban san dalili ba.

Yayarka,
Ni'imatu

Tambuwal

Yaya,

Bayan gaisuwa. Zafin rana kawai muka gwada, ba na wuta ba. Robar ce ke fara saki, sannan ramar ta kama da wuta. Ban tambaye ki inda za a rataye shi ba, alhali ƙarƙashin wurin na girma. Baba da hannunsa ya zaɓi zangarniyar nan, na sani. Na je garin Jabo in ji ko wani ya taɓa karɓar irin daga gare shi, babu. Akwai iri a kasuwa. In sayo? Ki gaya wa Inno ta yafe mini.

Mannir

Kebbe

Mannir,

Salam. An yi ruwan shuka jiya. Inno ta ce ka sayo. Na ce wane iri, ta ce kowanne.

Ka huta lafiya.
Ni'imatu