Gefen Tabarmarki a Kasuwar Dungas

Dungas, cikin watan Maris

Zuwa ga Yaya,

Ki gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto miki. Na san 'yar fari ba ta zama gaban mahaifiyarta ta ja dogon zance, balle ta aiko mata da takarda. Tun da na buɗe baki Yaya nake ce miki, ke kuma ba ki taɓa kama sunana ba. Amma akwai maganar da ta ƙi fita daga bakina, kuma tunda kin koyi karatu a zumuntar mata, na ce bari in faɗe ta a nan, inda ba za mu haɗa ido ba.

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fatan ciwon bayan nan ya yi sauƙi. Ki gaishe mini da Baba da Kaka da ƙanwata Saratu, da dukan mutanen garinmu Kwaya. Ni ina nan lafiya. Gidan Fasto suna riƙe da ni kamar tasu, a lakwal kuma, makarantar tamu, muna ta shirin jarrabawar brebe.

Ban sani ba ko kin tuna ranar da na dawo bakansi, babban hutun nan na damina, na zo ta ɗaya a ajinmu. Tun a kan kabu-kabu nake ta shirya yadda zan gaya miki. Na same ki a bayan gida kina sheƙar gero tare da mata, na durƙusa na faɗa miki. Ba ki ɗago ba. Kika ce wa Saratu ta gaya wa waccan ta matsa, ta tare miki iska. Matan suka yi dariya, ni ma na yi, amma cikina ya yi baƙi. Kaka ta ce in daina shirme, ita ma haka ta yi wa Baba, kunya ce. Na san kunya ce. Sanin bai hana ni jin zafi ba, musamman da yamma da na ga Saratu kwance a cinyarki kina yi mata kitso.

Shi ya sa ban zo gida bikin Nowel na haihuwar Almasihu ba. Na aika cewa karatu ya yi yawa. Fushi ne ya yi yawa, Yaya.

Mama Hannatu, matar Fasto, ita ta gane ni. A addu'ar safe, duk lokacin da muka iso wurin da muke roƙon Allah ya gafarta mana kamar yadda muke gafarta wa wasu, sai bakina ya rufe, in sake buɗe shi bayan an wuce. Na ɗauka ba wanda ya lura. Wata rana muna tsince wake ta tambaye ni wa nake riƙe da shi. Na yi kuka har na jiƙa waken. Na zata za ta ce ba ki yi laifi ba, amma ba ta ce ba. Ta ce zafin gaskiya ne, sai dai Almasihu bai jira an ba shi haƙuri ba kafin ya yafe, yana kan gicciye ya yi. Ta ce kullum in roƙa miki abu ɗaya mai kyau, ko da zuciyata ba ta so.

Kada ki yi dariya. Da farko ƙananan abubuwa nake roƙa miki, kamar kada akuyarki ta shiga gonar mutane. Daga baya na kai ga ciwon bayanki. Wata safiya na ji ina roƙon Allah ya sa ki yi farin ciki, ko da ni ba na cikinsa, kuma da gaske nake. Ranar na faɗi addu'ar nan har ƙarshe, da ƙarfi, har Fasto ya buɗe ido ɗaya ya dube ni.

Sauran kin sani. Ranar kasuwa da aka tashi lakwal ban bi ta bayan masu albasa ba kamar yadda nake yi don kada mu haɗu. Na zo inda kike da kwalaben man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, na gaishe ki. Ba ki amsa ba, amma kin matsa, kin janye kwando, gefen tabarma ya buɗe. Na zauna. Ban taɓa zama kusa da ke haka ba. Ashe har yanzu hannunki ƙanshin gyaɗa soyayya yake, kamar zanen da kika aiko wa Kaka a goya ni lokacin da take renona.

Sai maƙwabciyarki Yakura mai daddawa ta ƙare mini kallo ta ce, "Au, wannan ce ta sa muke gasuwa? Tun da aka buɗe lakwal uwarki ta bar rumfarta mai inuwa ta dawo bakin hanyar 'yan makaranta, wai a nan aka fi ciniki. Wane ciniki? Ƙura dai muke sha!"

Kika ce mata ta kula da daddawarta, ƙudaje sun fi ta ciniki. Kika ja mayafi kika rufe fuska, amma na ga kafaɗarki tana motsi. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina ta jera ƙuli-ƙulin da yake a jere. Ina so ki sani tun kafin Yakura ta buɗe baki na riga na yafe. Abin da ta faɗa, gyara ne Ubangiji ya ƙara mini a kai.

Ni ma ki yafe mini fushina da ɓuyan da na yi miki. Za a yi mini baftisma ranar Tashin Almasihu, a nan Dungas. Ina so ki zo. Ba sai kin zauna a gaba ba, ba sai kin yi guɗa ba. Ki tsaya can baya wajen tsofaffi, ki dubi wani wuri in kina so. Zan san kina nan.

Kawu Mamadu zai kawo miki wannan takarda. Na roƙe shi kada ya miƙa miki a gaban mutane.

Abu na ƙarshe, Yaya. Ko kin ba ni izini in sake rubuto miki? Ba sai kin aiko da amsa ba. Idan ranar kasuwa ta zo ba ki ce mini komai ba, zan ɗauka kin yarda.

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ke.

Ni ce waccan,
Tabita