Layukan da Ka Bari, Yaya Iliya

Zuwa ga yayana Iliya,

Ina miƙa maka gaisuwar girmamawa, irin wadda ƙanwa ke yi wa wanta, ko da yake na san babu motar da za ta kai ta inda kake. Inna tana Dumega lafiya, sai ciwon gwiwa.

Na gaji, Yaya. Tun da muka binne ka, ni kaɗai ke riƙe da ɗakin hasashen ruwan sama da ka kafa a Dogon Dutsi. Tsofaffin kwamfutocin suna nan, kuran, wato wutar lantarki, na ɗaukewa yadda ka sani, manoma kuma ba su daina kira suna tambayar lokacin shuka ba.

Ina tuna ranar da ka tarar ina sa kwamfuta ta bi ƙauyukan Arewa ɗaya bayan ɗaya, tana lissafa zafi da iskar kowanne. Ka goge duk layukan umarnin da na rubuta mata, ka rubuta layi guda. Ka ce, "Rahila, wanga yare na kwamfuta ba a yi mai magana ɗaiɗai. Ba shi jadawalin gaba ɗai, shi ka raba ma injuna aiki kamar gayya." Ranar ko tuwo ban ci tare da kai ba.

Bana waɗanda suka ƙirƙiro yaren suka sabunta shi, shirin hasashen da ka rubuta da shi ya ƙi tashi. Ruwan farko ya sauka, mutane suka fiddo iri, ni kuwa ba ni da abin faɗa musu. Inna ma ta kira, ta ce ɗan irin geron da ya rage mata ke nan, in ya ƙone babu wani.

Na so in gyara ba tare da na taɓa rubutunka ba. Bai yiwu ba. Haka na zauna ina goge layukanka da hannuna, har da tsokanar da kake bar mini a gefensu. Da na gama, injunan suka raba aikin, amsa ta fito cewa ruwan zai ɗauke. Na ce wa Inna ta dakata, ta dakata. Wasu sun ji, wasu sun riga sun shuka, tsiron ya bushe a gonakinsu.

Shirin ya fi na da sauri, har ana yaba mini. Sai dai in na buɗe shi yanzu, daga sama har ƙasa ba na ganin hannunka ko'ina.

Ubangiji ya ba ka hutawa, ɗan'uwana. Ni kuma ya ƙara mini ƙarfin da zan kai ƙarshen damina.

Ƙanwarka,
Rahila