Bindigar Phuti Mai Huji Shida

Ranar Talata likita ya tabbatar cewa ciwon ya kai hanta. Ya ce wata uku, in an yi sa'a biyar. Na sa ya maimaita, na rubuta a takarda, ya duba ya ce haka ne.

Ni ce Raesibe Letsoalo, matar marigayi Phuti Letsoalo, mazauniyar Seshego a gefen Polokwane. Shekarata saba'in da ɗaya, talatin da huɗu daga ciki na yi su ina ɗauko wa jarida labarin kotu. Ina rubuta wannan da cikakken hankalina, ba magani a kaina, ba kowa tsaye a bayana. Zuwa gare ku, 'ya'yana biyu, Ngwako da Mosima.

Na ɗaya. Gida da mota da awakin ƙauye suna cikin takardar lauya, raba-daidai. Ba a nan rigimarku take ba, don haka ba zan ɓata tawada ba.

Na biyu. A akwatin ƙarfen ɗakina akwai ƙananan bindigogi biyu, ƙira ɗaya, girma ɗaya. Mahaifinku ya saye su rana ɗaya. Tawa an yi mata lasisin tsaron kai, tana nan yadda ta fito daga masana'anta. Tasa ta wasan harbi ce, ita ce na kai aka yi wa huji shida a saman bututu, shekara biyar da suka wuce. Saboda hujin nan ne ba ku sake cin abinci a tebur ɗaya ba.

Ngwako, ba ka taɓa tambayata dalili ba. A kotu ko mai kisa ana jin ta bakinsa. Ga nawa.

Bayan rasuwar mahaifinku sanyin ƙashi ya kama mini wuyan hannu. Bindiga in ta tashi abu biyu take yi: ta tokari tafin hannu, sannan bakinta ya yi tsalle sama. Tsallen nan shi ke murɗa wuyan hannu. In na harba harsashi talatin ranar Asabar, sai Laraba nake iya buɗe kwalbar magani. Likita ya ce in ajiye, in koma saƙa. Na ce masa saƙar ma da hannu ake yi. Filin harbin nan shi ne inda ni da Phuti muka yi kowace Asabar ta shekara ashirin, kuma ban yi niyyar rasa miji da fili a lokaci ɗaya ba.

Oom Sarel, maƙerin bindigar ƙungiyarmu ta harbi, wanda kuma yake riƙe da rajistar fili, shi ya bayyana mini. In aka huda saman bututu, wani ɓangaren iskar albarushi zai fita ta sama, ya danne bakin ƙasa. Ya ce, “Mma Letsoalo, hujin da na yi ba ya cikuwa, ki je ki kwana da shawara.” Na ce na yi wata goma ina kwana da ita, ya kunna injinsa.

Me ya sa ta mahaifinku, ba tawa ba? Domin bindigar tsaron kai kusa da jiki ake harba ta. Mai huji in ka harba ta a kusa da haƙarƙari, wuta da tartsatsi fuskarka za su nufa. Ba mai hankalin da zai huda ta tsaro. Ta wasa ce kaɗai ta dace, ita ce kuwa tasa.

Na san al'ada. In an wanke takaba, kayan uba na maza ɗansa ake miƙa wa: sanda, wuƙa, hula. Ka sa ran bindigar tana ciki. Shi ya sa ranar buɗe dutsen kabarinsa, gaban kawunnanku, tuwon masara da nama a hannun kowa, ka ce, “Mma, an ce kin kai Baba an mai da shi rariya.” Ka juya ga ƙanwarka ka kira ta direban masu laifi, don ita ta tuƙa ni wurin Oom Sarel. Ita kuma ta ce, “Kai da ko lasisi ba ka da shi, gadon me kake wa kuka?” Ka ajiye faranti ka tafi Pretoria. Duk wanda ya faɗi magana a ranar ya faɗi rabin gaskiya.

Ban ba ka haƙuri a ranar ba, yau ma ba zan ba ka ba. Mahaifinka ba ƙarfe ba ne. Mutumin da ya yanke ƙafar kujerar da ya gada don ta daina rawa ba zai yi fushi da huji shida ba.

Na uku. Akwai littafi mai baƙin bango a saman akwatin, a ciki na rubuta gwajin da na yi. Aikin jarida ya koya mini kada in yarda da abin da raina yake so sai na auna. Na gwada bindigogin biyu da harsashi iri ɗaya, nisa ɗaya, Mosima tana riƙe da agogo. Ga abin da ya fito, har da wanda bai yi mini daɗi ba.

Tokarin da ke zuwa tafin hannu kusan ɗaya ne. Duk wanda ya ce muku huji yana kashe shi, talla yake yi. Tsallen ne ya ragu, har ina iya ganin saitin bindiga bai bar allon harbi ba. Harbi goma a tsakiyar allo: daƙiƙa goma sha huɗu da tawa, tara da mai huji. Da tawa hannuna yana gazawa a talatin. Da mai huji na kai ɗari, na dawo gida na tuƙa tuwo da kaina.

Amma tana da hali. Ƙararta ta fi kaifi, ana jin ta har a haƙori. In hadari ya rufe rana, harsunan wuta suke tashi gaban ido. Bayan harbi hamsin saitin gaba ya yi baƙi da hayaƙi, sai an goge. Wanke hujin ɗaya bayan ɗaya aikin haƙuri ne. Maza a fili suka sa mata suna sarewar tsohuwa, in na zo layi sai su matsa gefe suna toshe kunne da gangan. Dokar gasa kuma ta fitar da ni daga ajin bindigogin da ba a taɓa ba, ta jefa ni cikin masu bindigogin tsada da madubin saiti. Shekara uku ina zuwa ta ƙarshe. A ta huɗu na zo ta biyun ƙarshe, wanda na wuce kuwa shi ne ya ƙirƙiro sunan. Bai sake kiransa ba.

Na huɗu. Mosima, ke kaɗai nake neman gafararki. Shekara huɗu kina tsaye a kafaɗata ta dama da agogo, daidai inda ƙarar take fita. Kunnenki na hagu da ke miki kuka, ni na jawo. Na auna daƙiƙa, na auna kumburin hannuna, ban auna wadda ke tsaye kusa da ni ba. Wannan kuskure ne da ya kamata edita ya kama. Saboda haka tawa, wadda ba huji, ita ce taki. Za ta yi miki tsalle, amma hannunki lafiyayye ne. Ki riƙa ninka abin toshe kunne. Mai hujin kuwa na haramta miki ita, ko riƙo.

Na biyar. Ngwako, bindigar mahaifinka taka ce, da hujinta. Kuma zan faɗi abin da kake ɓoyewa. Tun hatsarin motarka na hanyar Mokopane, hannunka na dama bai koma daidai ba. Na gan ka kana karɓar kofin shayi da hagu, kai da ba bahago ba. Mahaifinka ma ya gani. Ba aiki ne ya raba ka da fili ba, tsallen nan ne. Abin da ka zage ni a kansa shi ne abin da zai mai da kai layi.

Sharaɗi biyu. Ka nemi takardar ƙwarewa da lasisi da sunanka, domin hukuma ba ta san gado ba sai da takarda. Sannan ka je fili, ka harba hamsin da kowacce, Mosima ta riƙe agogo daga baya can, inda ƙarar ba ta kai. Ka rubuta abin da ya fito a shafin da na bari fari. In bayan haka ka ce na yi kuskure, ka rubuta, hakkinka ne. Hukuncin da aka yanke ba a saurari shaida ba shi ne na ƙi.

In shekara ta cika ba ka nema ba, na umarci lauya ya miƙa ta ga 'yan sanda a narkar da ita. Ba za a sayar ba, ba za a ba wani ba. Gara ta zama ƙusa da ta zauna a akwati tana raba mini 'ya'ya.

Na shida. Ranar jana'izata kada kowa ya ce na yi fama da jinya cikin haƙuri. Ban yi haƙuri ba, na yi gardama har ƙarshe. A dafa nama isasshe. Ku biyu ku zauna benci ɗaya a coci, ko ba za ku yi magana ba. Zama ɗaya shi ke jawo na biyu.

Allah ya yi muku albarka, ya albarkaci abin da kuka haifa. Ya ba ku hannu mai ƙarfi da kunne mai sauraro. Ku biyu ne kaɗai kuka san muryar mahaifinku in yana ƙirga harsashi a teburin kicin. In kuka rabu, ba wanda zai tuna muku ita. Ku riƙe juna.

Abu na ƙarshe. Jiya Oom Sarel ya bugo waya. Ya ce Asabar da ta wuce wani mutum mai lambar motar Pretoria ya zo fili, ya tambayi ranar jarrabawar ƙwarewa, ya rubuta N. Letsoalo a rajista, da hannun hagu. Majiya ɗaya ce. Ban samu ta biyu ba tukuna.