Ba ke kika kori Gawayi ba

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, kuma ruwan Fatakwal bai hana ku shanya ba. Mu nan Sabon Gari lafiya lau, sai gwiwa da take yi min gardama duk sanda zan tashi daga tabarma.

Kin san ni da rubutu ba ma shiri. A aji huɗu na tsaya, shi ma malamin ne ya riga ni gajiya. Amma in na kira ki a waya, kafin in kai ga maganar zan mayar da ita wasa, ki yi dariya, mu kashe. Kuma a gaban mutane na yi abin, gara in gyara shi a takardar da kowa zai iya karantawa.

Ranar Juma'ar da ta wuce kin ce min yara sun dame ki sai an samo musu mage, kin hana. Kika ce: "Baba, ni ba ni da hannun riƙon dabba, tun da na kori Gawayi." Na yi dariya a wayar. Da na ajiye, sai na kasa cin tuwo.

Kin tuna gidan kallona, rumfar kwanon nan mai benci bakwai da janareta mai tari. Bayan la'asar nake buɗewa. Finafinan Indiya su ne na manya, amma akwai wasu tsofaffin kasusuwan bidiyo na Turawa da nake kwasowa a Kano don babu mai so: wani abu ya faɗo daga sama, ko wani likita ya haɗa abin da ya fi ƙarfinsa. Ni ne tafinta. Turancina bai kai na sayen burodi ba, don haka fuskokinsu nake kallo in ƙirƙiro zancen. Bature zai yi magana ɗaya, ni in yi goma.

Masu finafinan nan su ma talakawa ne irina. Dodon nasu mutum ne a cikin rigar roba, wani lokacin har zif ɗin bayansa ana gani, shi ya sa suke ɓoye shi sai ƙarshe. Kafin nan mage ce take yi musu aikin. Mace za ta buɗe kabad, mage ta diro mata, duk bencina su girgiza. Ko a nuno ta ta ƙura wa lungu ido, gashinta ya miƙe, tana huci. Ni kuwa sai in ce: "Ku lura da magen nan, abin a jikinta yake." Na faɗa sau ba adadi, har wani mutumin Utai da yake zuwa ranar kasuwa ya riƙa riga ni faɗa. Ban san yaushe na fara yarda da ƙaryar bakina ba.

Kina da shekara takwas zazzaɓi ya kwantar da ke. Kwana shida kina fizge-fizge, kina kiran mutanen da ba sa ɗakin. Gawayi, baƙar magen da kika raina tun idonta bai buɗe ba, ta tare a kusa da kanki ta ƙi fita. Wata rana da hantsi na shigo na same ta ta kafe kusurwar ɗakin da ido, gashinta a tsaye. Sak yadda nake gani a talabijin.

Mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta, ta ga fuskata ta gane. Ta ce: "Malam, ɓera ne a bayan buhu. Mage ce fa kawai." Ban saurare ta ba. Dama maƙwabta sun fara cewa baƙar mage ba a barinta kusa da marar lafiya, ni kuma ina ganin na fi su sani, tunda ni har a finafinan ƙasar waje na ga abin.

Kina barci na sa ta a buhun masara, na ɗaure a bayan keke. An ce in mage ta ƙetare ruwa ba ta gane hanyar gida, don haka na haye gada, na yi ta tuƙi har gidaje suka ƙare. Duk hanyar tana kuka a hankali, ba ta ko yaƙushi buhun ba. Na ajiye ta a gindin wata kuka na kwance bakin. Wannan kam na yi. Amma ban tsaya na ga fitowarta ba.

Washegari kawunki ya matsa aka kai ki asibiti. Taifot ce. Aka sa miki ruwa da allurai kika farfaɗo, ni kuma a zuciyata ina cewa aikina ne ya ci.

Ranar da kika fara zama, ɗaki cike da 'yan dubiya, kika tambayi Gawayi. Mahaifiyarki ta kalle ni. Ni da bakina ba ya hutawa sai na ce: "Ai ke kika kore ta, kin manta kin jefe ta da takalmi? Ta yi fushi ta yi yaji." Aka yi dariya. Ke ba ki yi ba. Wata uku kina ajiye mata ɗan kifi a murfin kwano a bakin zaure, kajin maƙwabta suna cinyewa.

Bayan kamar shekara biyu, bidiyo ya tauna min wani kaset. Na liƙe shi da jan farce na mayar, ana cikin kallo ya cije daidai inda magen take dirowa. Hoton ya tsaya cak. A gefen allon ga hannun mutum, har da agogo. Ashe jefo ta ake yi. Ba ta san dodo ba, ba ta san fim ba, wani ne ya ɗauke ta ya wurga don mu tsorata. Jama'a suka kwashe da dariya. Ni na fita na kashe janareta na ce mai ya ƙare.

Tun ranar na san na zalunci dabba, kuma na daɗe ina istigfari a kanta. Abin da ban sani ba shi ne maganar takalmin nan tana nan tare da ke. Ni na manta da ita kafin 'yan dubiyar su tashi.

Uwata, takalmin ma ban san ko kin taɓa jifanta da shi ba. A wurin na ƙirƙiro. Ba ta yi fushi da ke ba. Har lokacin da na ɗauke ta, kanta yana jikin kafaɗarki, sai da na ɓamɓare farcenta daga zaninki.

Ki samo wa yaran magensu. Hannunki lafiyarsa ƙalau, da shi kika rayar da wadda uwarta ta yar. In sun tambaye ki labarin Gawayi, ki gaya musu kakansu ne, kada ki rufa min. Ban ce ki yafe min yau ba. Ki yi fushinki yadda ya kamata, ina nan.

Allah ya yi miki albarka, ya raya miki zuri'a, ya sa su ji ƙanki. Allah ya haskaka kabarin mahaifiyarki, wadda ta san gaskiya ta rufa min asiri har ta koma. Ni kuma ya yafe min abin da na yi wa baiwarsa da ba ta da bakin kai ƙara.

Wassalam.

Mahaifinki,
daga Sabon Gari, Wudil