Garin Wake a Fatar Jaririya

Lyari, Karachi
3 ga Maris

Baban Hani,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya a Maskat, kai da gwiwar nan taka mai ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Mu dai jiki lafiya, zuciya ce babu.

Na ɗauko Hani daga gidan mijinta. Ban nemi izininka ba, don na san amsarka: a yi haƙuri. Shekara talatin kana ciyar da ni haƙuri, na ƙoshi.

Kwana goma sha biyu da haihuwarta na je, na tarar surukarta Firdaus ta kife jaririyar a cinya tana dirzar ta da garin wake da kurkur, wai don fata ta washe. Safe da yamma ake yi, har bayan yarinyar ya fara salewa. Na ce, Firdaus, tukunya kike wankewa? Ta ce taimakonta take, wa zai auri baƙa gobe? Na ce ɗanki ya aura, ban ga ya mutu ba.

'Yarka kuwa na kwance ta fuskanci bango, ba wanka, ba ci. Da na dafa ta sai ta ce, "Ammi, laifina ne. Wata tara ina shan madara da za'afaran don ta fito fara, bai yi ba." Hani fa! Wadda in an buga gangarmu ta Shidi, mu baƙaƙen ƙasar nan, a biki sai an janye ta daga fili. Ita ce ke neman gafara don ta haifi mai kama da mu.

Na naɗe jikata a mayafi, na riƙo uwarta muka fito.

Matarka,
Mahganj

21 ga Maris

Baban Hani,

Gaisuwa mai yawa, da fatan mura ta sake ka. Wasiƙarka ta iso. Wai in mayar da ita kafin mutane su fara magana. Waɗanne mutane? Mutanen suna tsakar gidana, matan unguwarmu ne. Nazal ke murza mata jiki da mai kowace safiya, Gul Bibi ke kawo kifi da shinkafa, Sammi ke ɗaukar jaririyar don ta yi barcin rana. Likita ta ce ciwon damuwa ne da ke kama mai jego, ta ba ta magani. Firdaus kuma tana yaɗa cewa aljanu ne. To ni na ga aljanar, da kwanon gari a hannu.

Jiya mijin, Shahid, ya zo da kwalin alewa, wai mahaifiyarsa ba da mugun nufi ta yi ba. Na gyara zama zan wanke shi, sai ga Hani ta fito da kanta. Ta ce, "Kwana goma sha biyu 'yarka na ihu, kai kana ƙara wa talabijin murya. Ba inda za ni sai ka hana uwarka a gabana, da bakinka." Ya buɗe baki, ta ce ba ta gama ba. Har Nazal sai da ta tausaya masa.

Ya tafi kansa a ƙasa. Ko zai iya, Allah masani. Alewar dai mun cinye.

Da ya fita ta zauna tana huci, ta share kwano biyu na shinkafa. Kada ka sake rubuto min a lallashe ta ta huce. Na ga shirunta, na ga fushinta, fushin nake so.

Ka gaida abokinka Haji Murad.

Matarka, da har yanzu ba ta huce da kai ba,
Mahganj