Minti Ashirin da Muka Tsai da Jirgin Safe

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Inna ta Jugu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin wanda kika koya mani, ina fatan Allah Ya sa kina cikin rahama inda kike kwance. Ni ce ɗiyarki Ladidi, daga Paraku, nan unguwar Titiru, gidan nan dai da kika sani.

Inna, ba lafiya ce ta sa na ɗauki waya ina dannawa ba. Kin san bokona aji uku ne, yadda magana ta zo bakina haka zan sa ta. Ran Jumma'a wata mata za ta zo gidan nan. Sunanta Bona. Ɗiyar Woru ce, shugaban masu gyaran dogon nan da jirgi ya take ranar da kika tashi zuwa Makka. Ta aiko mani cewa ta tsufa, tana so kafin ta bar duniya ta san ko da gaske ubanta sakaci ya yi. Duk wanda ya san abin da ya faru ranar ya mutu, saura ni. In na faɗa mata, sunanki da na mai gidana Baban Hadiza ne za su fita. In na yi shiru, ubanta zai ci gaba da ɗaukar laifin da ba nashi ba. Shi ya sa na ce in fara gaya maki tukuna, don ke ma har kika rasu ba ki sani ba.

Ke dai ba ki taɓa gane jirgi ba. Ba laifinki ba ne, dogo bai je Jugu ba, nan Paraku ya tsaya. Ke ɗiyar madugu ce, tafiyar da kika sani ita ce ta ayarin goro. Kin sha gaya mana babanki bai taɓa ɗaga zango ba sai ya zagaya ya ga kowa da idonsa, ko tsohuwa ce ta shiga daji sai a jira ta. A wurinki shugaban tafiyar da ya bar mutum baya ba shugaba ba ne. Da aka ba ni Baban Hadiza kika ji mataimakin sef ne a gar, wato na biyu ga shugaban tashar jirgi, shi ke busa usur jirgi ya tashi, sai kika ce to madugu ne ke nan, kika yi murna.

Ni ma sai da na zauna da shi na gane ba haka ba ne. Hanya ɗaya ce tak daga nan har Kwatano, Inna. Mai zuwa da mai tafiya duk kanta suke bi. Jirgi ba ya barin gar sai an buga talho, wato waya, an tambayi gar ta gaba, sun ce hanya a buɗe take. In ya tashi kuma a sake bugawa a ce masu ya tashi ƙarfe kaza, a rubuta a littafi. In ya makara a rubuta dalili. Masu gyaran dogo kuwa suna da wata kura ta ƙarfe da suke ɗorawa kan hanya su tura kayan aikinsu. Kafin su ɗora ta, shugabansu yakan maƙala ɗan talhonsa a wayar da ke bin gefen dogo ya tambayi inda jirgi yake. Duk ransu yana kan maganar da aka gaya masu. Lokacin ba a daɗe da tafiyar Faransawa ba, namu sun karɓi aiki, kowa na tsoron a ce baƙin mutum ya kasa. Jirgin safe ƙarfe takwas yake tashi, mahautan kasuwa da shi suke gyara agogonsu.

Kin tuna kun iso da kamyo, babbar motar kaya, daga Jugu ana gobe tafiya, ke da Iya Lamratu ta Bariyenu, aminiyarki tun kuna 'yan mata. Tare kuka yi niyyar hajji, tare za ku hau jirgi zuwa Kwatano, daga can ku shiga na sama. Damina ce, ciyawa ta fi tsayin mutum. Na daka maku sakwara da miyar kuɓewa, Iya Lamratu tana ta tsokanarki wai kin ɗaure guzuri kamar za ki ciyar da Makka duka.

Da safe muka isa gar da wuri. Sef ɗin ba ya nan, zazzaɓi ya kwantar da shi, Baban Hadiza ne ke riƙe da komai. Kun shiga tarago kun zauna. Saura kaɗan takwas ta cika Iya Lamratu ta shafa ƙugunta ta ji ba ƙunshin takardunta. Fasfo da komai, ta bar su ƙarƙashin matashin kai a ɗakina. Wani mahauci mai mobilet, ɗan ƙaramin babur ɗin nan, ya ɗauke ta suka yi Titiru da gudu.

Sai kika kira ni. Shekara bakwai da aurena ba ki taɓa yi wa Baban Hadiza magana baki da baki ba, in ya shigo gaishe ki bango kike kallo, shi kuma ƙasa. Don haka ni kika aika. Kika ce in gaya wa madugu akwai mutum baya.

Na je na gaya masa. Bai ko dube ni ba, idonsa na kan agogon bango. Ya ce in ba ki haƙuri, doka ce, Iya Lamratu ta biyo jirgin jibi. Na dawo na faɗa maki. Kika ce jirgin samanku gobe ne, jibi kuma na wa? Kika sake tura ni. Na sake dawowa da amsa iri ɗaya. Ina tsakaninku ina kai da kawowa, Hadiza na goye a bayana, gumi na bin wuyana.

Abin da kika yi bayan nan har yau ina ganinsa. Kika sauko daga tarago, kika bi ta cikin mutane, masu tallan cukun wagashi da masu doya suna ba ki hanya. Kika je gabansa, yana tsaye da tuta a hammata da usur a hannu, kika durƙusa. Ke, da furfurarki, gaban surukinki, gaban dillalan shanu da duk wanda ya san mu. Kika ce masa don Allah kar ya raba ki da 'yar'uwarki a hanyar ɗakin Allah.

Hular aikinsa ya cire. Shi ma ya durƙusa, don ba zai tsaya a kanki ba. Sannan ya miƙe. Ya je wurin mai tuƙi suka yi magana ƙasa-ƙasa, mai tuƙin ya ɗaga kafaɗa, ya ce zai rama a hanya.

Ke kin koma kujerarki. Ni kuwa na bi shi har tagar biro, ofishinsu, don in yi masa godiya. A nan na ji. Ya ɗauki talho ya gaya wa gar ta gaba jirgin safe ya tashi ƙarfe takwas daidai. Ya rubuta haka a littafi. Jirgin yana tsaye bayana yana huci. Ya ɗago muka haɗa ido, ya ce mani, to me zan rubuta wajen dalili, suruka? Na yi dariya, Inna. Wallahi dariya na yi.

Takwas da minti ashirin Iya Lamratu ta iso tana haki, ɗankwali a hannu. Aka ja ta ciki, aka busa usur. Kika leƙo ta taga kina sa masa albarka da ƙarfi, har kika manta kunyar.

Sauran ba a gabana aka yi ba, daga baya na haɗa shi. Woru da mutanensa sun fito daga ƙauyensu sun iso bakin dogo bayan takwas da kwata, a wata kwana da ba ta da nisa da gari, inda jirgi kan wuce minti goma bayan ya tashi. Ba su ga wucewarsa ba, don haka Woru ya yi abin da doka ta ce, ya maƙala talhonsa ya tambaya. Gar ta gaba ce ta amsa masa. Mutumin can ya ce Paraku sun ce ya tashi tun takwas, ai ya daɗe da wuce ku. Sai suka ɗora kura, suka loda mata ƙarafa.

Mai tuƙi kuma yana ramawa kamar yadda ya ce. Ciyawa ta rufe kwanar. Da suka ji shi ya riga ya zo. Kowa ya faɗa daji, ban da Woru. Mutanensa sun ce ya tsaya yana ture kurar, don ya san in jirgi ya hau ƙarafan nan zai kife da duk wanda ke ciki. Ya samu ya karkatar da ita gefe. Shi ne bai samu fita ba.

Kina cikin jirgin, Inna. Ke da Iya Lamratu da mutane taragu guda-guda. Kin ce kun ji an ja birki har kayanku suka zube, kuka daɗe tsaye, aka ce wani ma'aikaci ne ya hau hanya ba lokacinsa ba.

Bayan kwana uku manya suka zo daga Kwatano yin bincike. Ina gida ina jira a aiko a kira ni. Duk mobilet ɗin da ya tsaya ƙofar gida sai in leƙa. Ba wanda ya zo. Littafi suka duba, littafi ya ce takwas. In takwas ne kuwa, to Woru ne ya ɗora kura kafin jirgi ya wuce. Mai tuƙi ya yi shiru don gudun da ya yi. Mutumin gar ta gaba ya ce bai tuna an kira shi ba. 'Yan aikin Woru ba mai agogo cikinsu, ba su jin Faransanci, ba a ma saurare su sosai ba. Aka rubuta sakaci. Aka fitar da matarsa daga gidan ma'aikata. Na gan ta ranar da suke tafiya, tukwane a ka, da 'yar yarinya riƙe da zanenta. Bona ke nan.

Baban Hadiza bai taɓa ce mani in rufe bakina ba. Ni ma ban taɓa ce masa ka je ka faɗa ba. Haka muka zauna. Ya daina karya kumallo a gida. Aka ba shi sef ɗin gar ya ƙi karɓa, mutane suka ce tawali'u ne. Bai ƙara riƙe jirgi ko na ƙiftawar ido ba. Akwai ranar da ya bar wata mai ciki tana gudu da kaya a ka, ya busa usur yana kallonta, duk gar aka zage shi. Ya dawo gida ya zauna a zaure har la'asar.

Abin da ya fi ci mani rai shi ne dawowarki. Kin dawo lafiya da haƙorin Makka da ruwan zamzam, muka je Jugu taryarki. Gida cike da mata, kika fara ba su labari: surukina ya tsai da jirgin ƙasa saboda ni. Suka yi ta guɗa. Kika ƙara da cewa kin yi wa bawan Allahn nan da jirginku ya take addu'a a Arfa, Allah Ya yafe masa gangancinsa. Baban Hadiza yana zaure yana ji. Shekara da shekaru kina ba da labarin nan, duk suna, duk biki. Kowane lokaci ina jira wani baƙo daga Paraku ya ɗago kai ya ce, wace rana ce wannan? Ba wanda ya taɓa tambaya. Sau biyu na buɗe baki in gaya maki, sai in ga yadda fuskarki ke haske in kina faɗa, in haɗiye.

Ban ce ke kika kashe shi ba, Innata. Ke abin da babanki ya koya maki kika yi, ba ki yar da 'yar'uwarki ba. Shi ma Baban Hadiza ba mugu ba ne, wane ɗa ne zai ga surukarsa a ƙasa ya busa usur a kanta? Amma ƙaryar talhon nan tashi ce, shirun kuma namu ne ni da shi. Na ji da kunnena, ina da ƙafar zuwa wurin masu bincike, ban je ba. Na ci abinci da albashin aikin nan, na aurar da 'ya'ya da shi. Ita kuwa Bona ta girma ana nuna ta, ɗiyar wanda ya kusa kifar da jirgi.

Hadiza ta ce in bari, duk sun mutu, me za a fasa, sai dai a ɓata sunan kakanni a banza. Na ce mata ai Bona ba ta mutu ba. Na kuma san halina, in matar nan ta zauna gabana zan iya kawo mata ruwa in ce tsufa ya sa na manta. Shi ya sa na sa wasiƙar nan inda jama'a za su karanta tun kafin Jumma'a, don kar in samu hanyar komawa baya.

Ki yafe mani, Inna. Sunanki zai fita da bakina, ni da kika goya. Zan gaya mata kin durƙusa ne don ƙauna, ba ki san akwai kowa a kan hanya ba. Zan gaya mata ubanta ya tambaya kamar yadda doka ta ce, ƙarya aka ba shi. Zan gaya mata ubanta ne ya sa kika ga Ka'aba, shi ne ya sa kika dawo kika ga jikokinki. In ta zage ni zan zauna in ji. In ta tashi ta tafi ba sallama, zan raka ta har bakin titi.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka makwancinki. Allah Ya jiƙan Baban Hadiza, Ya sassauta masa tambaya a kan abin da ya rubuta. Allah Ya saka wa Woru da abin da mu muka hana shi. Ni kuma Allah Ya kai ni Jumma'a da raina da hankalina, Ya buɗe mani baki. Amin.

Taki, wadda kika aika sau biyu,
Ladidi, Titiru, Paraku