Kwanon Gida Mai Nisa Shi Ke Fara Fita

Kusada,
Jihar Katsina.

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki a durƙushe kamar yadda kika koya mini, tare da fatan kina cikin ni'imar Ubangiji a makwancinki. A makaranta an ce mana a faɗi dalilin wasiƙa tun a farkonta. To ga shi, don na kasa riƙe shi: Inna, na samu gurbi! Ranar Talata sunana ya fito. Zan tafi kwaleji a Katsina in karanci shugabanci da gudanar da al'umma. Na karanta takardar har gefenta ya fara laushi.

Na san dariya za ki yi. Wai Zulai, wadda idan baƙo ya yi sallama take shigewa bayan rumbu. Shi ya sa nake son ki ji yadda abin ya faru, don da hannunki a ciki.

Malama Rabi, wadda ta koyar da mu darasin gwamnati, ita ta fara gaya mini akwai irin wannan karatu, kuma tun ranar ya zauna mini a rai. Amma da na gama sakandare, Baba ya zaɓar mini aikin lafiya. Da ya ji abin da nake so daga bakin Yaya Sani, cewa ya yi, "Ɗiyar da ba a jin sallamarta, wa za ta shugabanta?" Ba da faɗa ya faɗa ba. Tsoro yake yi kada in je in sha wuya a banza. Akwai damar canza kwas, amma saura mako biyu a rufe, ni kuma ba zan canza ba sai da izininsa. Sau uku ina zuwa ƙofar ɗakinsa da maganar a bakina, ina dawowa da abata.

Ana cikin haka matar Yaya Sani ta haihu. Mace ce, aka mayar da sunanki, muna kiranta Ummi. Sunanta shi ne taro na farko a gidanmu tun rasuwarki, shekara biyu ke nan.

Kin tuna yadda kike rabon abincin suna? Duk gidan da aka haihu a unguwa, ke ake aikowa a kira. Kwanukan gudunmawa su yi ta shigowa, wannan da gero, wancan da sabulu, kuma kowanne sai ya koma gidansu da tuwo ko waina. Ba a mayar da kwano haka nan, ba a tsallake gida. Sai ki shimfiɗa tabarma, ki jera su yadda garin yake: lungun masallaci a gabas, hanyar kasuwa a yamma, gidajen bayan famfo can ƙarshe. Kin san kowane kwano, mai lotsattsen murfi da mai ɗigon jan farce. Ni ce 'yar aikenki. Kina ɗora mini kina cewa, "Na gida mai nisa shi ke fara fita, don ya isa da zafinsa. Namu na cikin gida shi ne na ƙarshe."

A lokacin ban ɗauke shi komai ba. Ƙafata kawai na san tana ciwo.

Ranar sunan Ummi, Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba, ta zo daga Kankia ta karɓi ragamar rabon. Kin san muryarta, daga tsakar gida ana jinta a bakin titi. Sai dai ba ta san gidajen nan ba, ba ta san kwanukan ba. Kowa na magana, ba mai sauraro. Gidan mai unguwa ya samu sau biyu. Kwanon mutanen Tafashiya aka kai shi maƙwabta. Miya ta fara ja baya a tukunya. Sai na hango wata 'yar shuɗiyar langa mai ɓantararren baki, an ture ta gindin turmi. Ta Iya Talatu ce, tsohuwar nan mai ciwon ido ta bayan famfo. Daddawa ta aiko a ciki, ƙulli uku. Ba wanda ya san mai ita sai ni.

Inna, ban san lokacin da na ɗauko tabarma ba. Na shimfiɗa, na fara jera kwanuka. Gwaggo ta ce, "Ke Zulai, mi kike yi? Yau ranar wasan 'yar tsana ce?" Na ce mata a fara da na Iya Talatu. Ba ta ji ba. Ni ma da ƙyar na ji kaina. Na maimaita. Ta ce manya ake fara kai wa, ko ban san haka ba? Sai na durƙusa na ce mata manya suna kusa, nasu ba zai huce ba, haka Inna take yi.

Gwaggo ta dubi tabarmar nan, ta daɗe tana dubanta, ta goge ido da gefen mayafi. Sannan ta juya ta daka tsawa, "Ku yi mana shiru! Kurma ta yi magana, yau sai a saurara!" Aka kwashe da dariya, ni kuwa kamar in nutse. Daga nan ta zama lasifikata. In faɗa mata a hankali, ita ta faɗa wa duniya. Kafin la'asar kowane kwano ya koma gidansu. Mu ƙanzo muka ci, kuma ban taɓa cin ƙanzo mai daɗinsa ba.

Bayan kwana biyu sai ga Iya Talatu ta dogaro sanda har zaure. Ina daga soro na ciki ina jinta tana gaya wa Baba cewa tun rasuwarki kwanonta bai dawo mata da tuwo mai tururi ba sai wannan karon, har ta ɗauka an cire ta daga lissafin mutanen gari. Da ta tafi, na je ƙofarsa karo na huɗu. Na yi sallama da ƙarfi har ni kaina na tsorata. Wannan karon ban dawo da maganata ba.

Tambaya ɗaya ya yi mini: wane aiki ake yi da wannan karatu? Ga abin da na gaya masa, kuma ke ma shi nake gaya miki. Zan yi difloma shekara biyu, in Allah Ya yarda in ɗora da digiri. Sannan in nemi aiki a ƙaramar hukuma, nan Kusada ko Kankia, a sashen da ke kula da ci gaban al'umma. Duk ranar da za a raba wani abu, taki ne ko rijiya ko allurar rigakafi, zan shimfiɗa taswira kamar tabarmarki. In san kowane ƙauye da sunansa, har 'yan gidajen da ke can bayan Fakuwa, inda mashin ke maƙalewa da damina. Daga can za a fara.

Da safe na ji yana goge mashin. Ya ce, "Ɗauko takardunki." Har shagon kwamfuta a Kankia ya kai ni, kuma da bakinsa ya gaya wa mai shagon sabon kwas ɗin, da ƙarfi, kamar yana son na waje su ji. Saura kwana biyu a rufe.

Ba zan ɓoye miki ba, kunyar tana nan. An ce a kwaleji ana tsayar da ɗalibi gaban aji ya yi bayani, kuma can babu Gwaggo Asabe. Kullum da hantsi nakan tsaya bayan rumbun nan da nake ɓuya, in yi wa awaki jawabi daga littafin da Malama Rabi ta ara mini. Har yanzu ba su tafa mini ba. Amma jiya maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambayar wa ke magana.

A hanyarmu ta dawowa daga Kankia, Baba ya ce idan na zama shugaba kada in manta, a kawo masa kwanonsa da zafi. Inna, kin san me na ce? Na ce nasa shi ne na ƙarshe, ai na cikin gida ne. Ya yi dariya har mashin ya yi tangal-tangal. Daga baya na ga ya ɗaga hannu ɗaya yana goge fuska. Rabon da in ji dariyarsa haka tun kina nan.

Allah Ya jiƙanki, Inna. Ya yalwata kabarinki, Ya haskaka shi. Yadda ba ki taɓa tsallake gidan kowa ba, kada Ya tsallake ki ranar rabon rahamarSa. Ni kuma Ya ba ni murya daidai aikin, Ya tsare ni daga mantuwa da na nesa. Amin.

Taki har kullum,
'yar aikenki,
Zulai.